Zanen Haruffa da Hannu: Jagora ga Mai Sabon Koyo

Gabatarwa

Babu garin da mutum zai shiga a ƙasar nan bai ci karo da rubutun da aka zana da hannu ba. Yana nan a ƙofar asibiti da makarantar firamare, yana nan a bangon shagon tela da na mai gyaran babur, yana nan a goshin manyan motoci da bayansu. Ko da yake kwamfuta ta zo da injunan da ke buga talla a kan leda cikin ɗan lokaci, har yanzu ana neman mai fenti da buroshi, domin aikinsa ba ya jiran wutar lantarki, yana hawa kowane irin bango, kuma sau da yawa ya fi leda jure rana da iska.

Amma fa allon sanarwa ba abin wasa ba ne. Baƙon da ya kawo mara lafiya cikin dare da shi yake gane ƙofar da zai bi. Direba da shi yake sanin cewa akwai makaranta a gaba. Idan haruffa suka cushe, ko kalma ta fita ba daidai ba, wanda ya dogara da allon shi ne zai sha wahala. Saboda haka aka shirya wannan darasi domin matasa masu son shiga sana'ar, da malaman makaranta, da ma'aikatan lafiya da na gona waɗanda aikinsu kan tilasta musu rubuta sanarwa da kansu.

Abin da ya kamata mai koyo ya fara ganewa shi ne, rubutu daban, zanen haruffa daban. Mai rubuta wasiƙa yakan saki hannunsa ya gudu a kan takarda. Mai zanen haruffa kuwa gina kowane harafi yake yi, kamar yadda magini yake ɗora tubali bisa igiya da ma'auni. Shi ya sa mutumin da rubutunsa na yau da kullum bai da kyau yana iya zama gwani a wannan sana'a, muddin ya riƙe awo. Ma'aunin aikin guda ɗaya ne, watau a karanta shi daga nesa, da sauri, ba tare da kuskure ba. Ado yana zuwa ne daga baya.

Awo Tun Daga Asali

Duk inda aka shahara da kyawun rubutu, to, an kafa shi ne bisa awo. A birnin Bagadaza, waziri Ibn Muƙla, wanda ya rasu a shekara ta 940 ta Miladiyya, shi ne ya tsara ƙa'idar auna haruffan Larabci. Ya ɗauki ɗigon da bakin alƙalami yake yi a matsayin ma'auni, ya auna tsawon alif da adadin ɗige-ɗigen, sa'an nan ya auna sauran haruffa da alif ɗin da kuma da'irar da aka kewaya a kansa.

Haka abin yake ga haruffan boko. Manyan haruffan da ake amfani da su yau sun samo siffarsu daga rubutun Rumawa, kuma misalin da masana suka fi yabawa shi ne wanda aka sassaƙa a gindin hasumiyar sarki Tarajan a birnin Rum a shekara ta 113. Haruffan layukan sama na wannan rubutu sun ɗara na ƙasa girma, don mai kallo daga ƙasa ya gan su daidai wa daida. A 1968 wani masani Ba'amurke, Edward Catich, ya kawo hujjojin da ke nuna cewa sai da aka zana irin waɗannan haruffa da buroshi mai faɗin baki kafin masassaƙi ya bi su da kurfi. A Ingila kuma, Edward Johnston ya fitar da littafinsa na koyar da rubutun hannu a 1906, sa'an nan a 1916 ya zana haruffan jiragen ƙarƙashin ƙasa na birnin Landan, waɗanda har yau ake amfani da su bayan 'yan gyare-gyare.

Ƙasar Hausa da Barno su ma suna da nasu gadon. Tun kafin zuwan boko alarammomi suke rubuta Alƙur'ani da ka, da alƙalamin gamba ko na kara, da tawadar da aka haɗa da gawayi da ƙaro, suna sa wasulla da jar tawada, layi bisa layi ba karkata. Almajirin da ya sauke akan yi masa zayyana a allo. Duk wanda ya taɓa fiƙe alƙalami ya rubuta allo ya riga ya san rabin abin da za a faɗa a nan, domin ya san yadda faɗin bakin alƙalami yake haifar da kauri da siranta.

Kayan Aiki

Kada rashin kuɗi ya hana kowa farawa. A watannin farko abin da ake bukata bai wuce waɗannan ba:

1. Fensir da magogi.
2. Rula mai tsawon santimita 30, da wani miƙaƙƙen katako mai tsawon mita ɗaya.
3. Littafin lissafi mai gida-gida, irin na 'yan makaranta.
4. Tsofaffin jaridu da takardar buhun siminti, domin gwaji da buroshi.
5. Alƙalamin kara mai faɗin baki, da tawada.
6. Alli da zare mai kauri.

Sai hannu ya faɗa sa'an nan za a sayi buroshi da fenti. Buroshin zanen haruffa ya bambanta da na shafa bango. Gashinsa dogo ne, mai laushi, bakinsa a daidaice kamar na kurfi. Guda uku sun isa, watau ƙarami da matsakaici da babba. Akwai kuma sandar jingina hannu, wadda mai koyo zai iya yi da kansa. Sanda ce siririya mai tsawon kamar santimita 60, a ɗaure mata dunƙulen tsumma a kai. Akan dafa dunƙulen a jikin allo, a riƙe ɗaya ƙarshen da hannun hagu, a ɗora wuyan hannun dama a kanta, don kada hannu ya yi rawa ko ya shafi ɗanyen fenti. Bahago sai ya juya tsarin.

Mataki na Farko: Layukan Jagora

Gwani ma ba ya zana harafi a sarari haka kawai. Kafin a taɓa harafi sai an ja layukan jagora da fensir, a hankali yadda za su gogu. Manyan haruffa suna bukatar layi uku: na ƙasa inda suke zaune, na sama inda suke tsayawa, da na tsakiya. Ƙananan haruffa suna bukatar huɗu: layin zama, layin kafaɗa inda a da e da n da o suke tsayawa, layin sama inda b da d da k da l suke kaiwa, da layin ƙarƙashi inda wutsiyar g da j da y take sauka. Tsawon jikin ƙaramin harafi yakan kai kashi biyu cikin uku na tsawon babban harafi.

A jikin bango ko babban allo ba a jan layi da rula. Akan shafa wa zare alli, mutum biyu su ja shi ya yi tsam daga wannan alama zuwa waccan, sa'an nan a ɗaga tsakiyarsa a saki. Zaren zai bugi bangon ya bar miƙaƙƙen layi.

Mataki na Biyu: Gina Harafi a Gida-gida

Salon da ya dace a fara da shi shi ne na manyan haruffa masu kauri ɗaya, marasa ƙafa, marasa ado. A buɗe littafin lissafi, a ɗauki gida biyar a matsayin tsawon harafi, gida ɗaya kuma a matsayin kaurin sandarsa. Faɗin haruffa ba ɗaya ba ne, kuma wannan shi ne abin da sababbin shiga suka fi mantawa. Harafin I gida ɗaya ne kawai. E da F da L da J su sami gida uku. H da N da U da A da K da D da R da B da S su sami kimanin huɗu. O da C da G su sami huɗu zuwa biyar, domin asalinsu da'ira ne. M ya sami biyar, W kuwa shida. Wanda ya matse kowane harafi a akwati iri ɗaya zai ga M ya shaƙe, E kuma ya baje.

Kada a bi haruffa bisa jerin abacada. A bi su dangi-dangi. A fara da masu miƙaƙƙun sanduna, watau I, L, T, H, E, F. A shiga masu karkatattun sanduna, watau A, N, M, W, K, Y, Z. Sa'an nan masu da'ira, O, C, G, D, U, J. Daga ƙarshe masu haɗe-haɗe, B, R da S. Harafin S shi ya fi kowanne wuya, don haka a bar shi sai hannu ya saba. Haruffan P, Q, V da X ba sa cikin abacadan Hausa, amma lalle ne a koye su, domin za a bukace su a sunaye da sanarwar Turanci. Lambobi daga 0 zuwa 9 su ma a gina su a gida biyar ɗin nan, saboda farashi da kwanan wata da lambar waya.

Kurakurai huɗu sun zama ruwan dare a allunan gari, kuma duk ana iya kauce musu. Na ɗaya, juya N ko S ko Z baibai. Sandar tsakiyar N tana tasowa ne daga saman hagu ta sauka ƙasan dama. Na biyu, ɗora ɗigo a kan babban I. Ɗigo na ƙaramin i ne da ƙaramin j kaɗai. Na uku, cakuɗa manya da ƙananan haruffa a tsakiyar kalma ɗaya. Na huɗu, barin kaurin sanda ya bambanta daga harafi zuwa harafi.

Mataki na Uku: Gyara Domin Ido

Bayan an ƙware da awon rula, sai a san cewa ido yana da nasa hukunci. Idan aka zana O daidai tsawon H, ido zai ga O ya fi guntu, domin ɗan tsororonsa ne kawai yake taɓa layi. Saboda haka O, C, G, S da ƙasan U sukan ɗan ƙetare layin sama ko na ƙasa. Haka nan tsinin A da na V. Sandar tsakiyar H da E idan aka sa ta a tsakiya cif za ta zama kamar ta zame ƙasa, don haka akan ɗaga ta kaɗan. Cikin sama na B da S ya zama ya gaza na ƙasa, in ba haka ba harafin zai yi kamar zai kife. Sandar kwance kuma a rage mata kauri kaɗan, domin ido yana ganin ta fi ta tsaye kauri ko da awonsu ɗaya ne. Duk waɗannan gyare-gyare ƙanana ne, a harafi mai santimita 10 ba su wuce milimita 2 ko 3 ba.

Mataki na Huɗu: Tazara

Masu sana'a sun yarda cewa matsakaitan haruffa masu kyakkyawar tazara sun fi kyawawan haruffa masu muguwar tazara daɗin karatu. Ba a auna tazara da rula daga gefen harafi zuwa gefen harafi. Abin da ake dubawa shi ne yawan filin da ke tsakaninsu. A ɗauka ana zuba gero a tsakanin kowane harafi biyu, to, so ake kowane gurbi ya ci mudu ɗaya. Bisa wannan, miƙaƙƙe da miƙaƙƙe, kamar H da I, su ne za a fi nisantawa. Miƙaƙƙe da mai da'ira, kamar N da O, a matso da su kaɗan. Masu da'ira biyu a ƙara matsowa. Masu buɗaɗɗen gefe, kamar L da A ko T da A ko W da A, a matso da su ainun. A gwada da kalmar LAFIYA. Idan aka ba kowane harafi tazara ɗaya da rula, za a ga rami tsakanin L da A, alhali F da I sun manne.

Tsakanin kalma da kalma a bar gurbin da zai ɗauki harafin O ɗaya ko ƙasa da haka kaɗan. Tsakanin layi da layi kuma ya fi tsakanin kalma da kalma faɗi, don kada ido ya tsallaka ƙasa kafin ya gama layin da yake kai. Hanya mai sauƙi ta gwada tazara ita ce a juya takardar kai ƙasa, a ja da baya, a runtse ido kaɗan. Inda ya yi duhu an matse, inda ya yi fari an sake.

Haruffa Masu Ƙugiya

Mai zana Hausa yana da wani nauyi na musamman. A Hausa akwai sautukan da abacadan Turanci ba shi da su. A farkon rubutun boko akan nuna su da ɗigo a ƙarƙashin harafi ko da 'yar alama a gefensa. A shekarun 1930 ne aka tsai da shawarar amfani da ɓ, ɗ da ƙ, littattafan da aka riƙa bugawa a Zariya suka yaɗa su. Tafiretocin ofisoshi da yawa ba su da waɗannan haruffa, shi ya sa jama'a suka saba barin ƙugiya. Yau wayoyin hannu da kwamfutoci suna da su, ko da yake wasu salon haruffan ado na kwamfuta har yanzu ba su da su. Mai buroshi kuwa ba shi da uzuri ko kaɗan, domin ƙugiya ja ɗaya ce.

Ƙugiya tana canja ma'ana. Fada wurin sarki ne, faɗa kuwa rigima ce. Baki na cin abinci ne, baƙi kuwa su ne ake saukarwa. Bari daban, ɓari daban, kuma duk wanda ya san asibitin mata ya san ba a wasa da wannan bambanci. Kara na gona ne, ƙara ta kotu ce. Allon da aka rubuta DAKIN BAKI bai faɗi abin da mai shi yake nufi ba.

Ga yadda ake zana su. A manyan Ɓ da Ɗ ƙugiya tana fitowa ne daga saman harafi ta gefen hagu, ta lanƙwaso ƙasa. A babban Ƙ hannun sama na dama ne yake lanƙwasa. A ƙananan ɓ, ɗ da ƙ kan doguwar sandar ne yake lanƙwasawa zuwa dama. Kaurin ƙugiya ya zama daidai da na sauran harafin, kuma ta fito fili yadda za a gan ta daga nesa. A tanadar mata wuri tun a fensir, don kada a zo ana cusa ta daga baya. A Nijeriya akan rubuta 'y da alama a gabansa, kamar a 'YA'YA da 'YAN KASUWA. A Jamhuriyar Nijar kuwa ƴ ake rubutawa da ƙugiya. Mai aiki a garuruwan kan iyaka ya tambayi mai allo wanda yake so.

Rabon kalmomi ma yana cikin aikin. BA A SHIGA kalma uku ce, ba a haɗa ta. YANA da TANA da SUNA kowacce kalma ɗaya ce. Idan layi ya cika, gara a sake tsari da a yanke kalma a tsakiya. Haruffa masu goyo, watau SH da TS, ba a raba su ko ta halin ƙaƙa.

Tsarin Allo

Kafin a taɓa allo sai an amsa tambaya biyu: wa zai karanta, kuma daga ina? Ƙa'idar da masu sana'a suka saba da ita ita ce, kowace mita 3 ta nisa tana bukatar santimita 2 da rabi na tsawon harafi, idan ana so a karanta cikin sauƙi. Allon bakin titi da mai mota zai karanta yana tafe ya fi haka bukata, kuma kalmominsa su zama kaɗan.

Alal misali, a ɗauka an kawo allo mai faɗin santimita 120 da tsawon santimita 60, ana so a rubuta ƊAKIN SHAN MAGANI. A fara barin gefe na santimita 10 hagu da dama, saura 100. A ƙirga haruffa tare da guraben da ke tsakanin kalmomi, za a sami 17. Idan aka sa su a layi ɗaya, kowanne zai sami kusan santimita 6 har da tazararsa, watau tsawon harafi ba zai wuce santimita 7 da rabi ba, kuma za a karanta shi daga mita 9. In kuwa daga tsallaken titi ake so a karanta, kamar mita 15, to, ana bukatar santimita 12 da rabi. Sai a raba layi biyu, ƊAKIN SHAN a sama, MAGANI a ƙasa. Layi biyu sun ci 25, a bar 8 a tsakaninsu, saura 27 a raba wa sama da ƙasa.

Don layi ya zauna a tsakiya, daga tsakiya ake fara zana shi. A misalin layi ɗaya da ya gabata, na 9 cikin 17 shi ne A na SHAN. A ja layi a tsaye a tsakiyar allo, a ɗora wannan A a kansa, a zana sauran zuwa dama, a dawo a zana zuwa hagu. Tun da ɓangaren dama yana da M mai faɗi, sai a ɗan gusa duka zuwa hagu. Wannan dabara ce maganin abin da ake yawan gani, inda haruffan farko suke yin ƙato-ƙato, na ƙarshe kuma su tsuke a gefe.

Ba duk kalmomi ne za su yi girma ɗaya ba. Mafi muhimmanci ya fi girma, na biye ya bi, ƙarin bayani kamar lokacin buɗewa ya zama ƙarami. Salon haruffa kada ya wuce biyu a allo ɗaya. Gajeren suna ya dace da manyan haruffa, doguwar jimla kuwa ta fi karantuwa da ƙanana. Lokacin da Jock Kinneir da Margaret Calvert suka tsara allunan titunan Birtaniya a ƙarshen shekarun 1950 da farkon 1960, sun zaɓi rubuta sunayen garuruwa da babban harafi a farko da ƙanana a biye, domin direba yakan gane siffar kalma tun kafin ya iya rarrabe haruffanta.

Launi kuma sai mai duhu bisa mai haske, ko mai haske bisa mai duhu. Baƙi bisa fari, baƙi bisa rawaya, fari bisa shuɗi ko kore mai duhu, duk suna fitowa sarai. Ja bisa kore ko shuɗi bisa baƙi ba sa karantuwa daga nesa, balle da magariba.

Daga Fensir Zuwa Alƙalami da Buroshi

Alƙalamin kara shi ne tsani tsakanin fensir da buroshi. A fiƙe shi, a yanke bakinsa a daidaice ya yi faɗin kamar milimita 4, a ɗan tsaga shi don ya riƙe tawada. A riƙe shi yadda bakinsa zai karkata kimanin digiri 30 daga layin zama, kuma kada karkatar ta canja har a gama. Da haka kauri da siranta za su fito da kansu. Jikin ƙaramin harafi ya zama faɗin baki huɗu, babban harafi kuma shida. Jawo alƙalami ake yi daga sama zuwa ƙasa, daga hagu zuwa dama, ba a tura shi. Harafin o ja biyu ne, rabin hagu sa'an nan rabin dama.

Gwajin buroshi a yi shi a tsohuwar jarida. Idan aka kwantar da ita ta gefe, layukan da suka raba ginshiƙanta za su zama layukan jagora kyauta. A tsoma rabin gashin a fenti, a shafa shi gaba da baya a kan guntun gilashi ko kwali har bakinsa ya baje ya yi kaifi. A cika shafuka da ja iri huɗu: na tsaye, na kwance, na karkace, da rabin da'ira hagu da dama. Daga waɗannan ne aka gina dukan haruffa. Fenti kada ya yi kauri har ya riƙe buroshi, kada kuma ya tsinke har ya zubo. A riƙa sirka shi kaɗan-kaɗan a ƙaramin gwangwani.

Allon katako a goge shi da takardar yashi, a shafa masa fentin shimfiɗa, a bar shi ya bushe, a ƙara shafi biyu. Na ƙarfe sai an kankare tsatsa an shafa maganinta. Fentin mai yana son kwana ɗaya tsakanin shafi da shafi. Kada a yi aiki cikin tsakar rana ko inda ƙurar hunturu take kaɗawa. A zana duka da alli, a ja da baya a duba, a kira mutum biyu su karanta da ƙarfi harafi bayan harafi, mai allo ya amince, sa'an nan a ɗauki buroshi. Kuskuren alli tsumma ne maganinsa, na fenti kuwa yakan ci kwana biyu da rabin gwangwani. Bayan aiki a wanke buroshi da kananzir, a shafa wa gashin ɗan mai, a daidaita bakinsa, a ajiye shi a kwance.

Kiyaye Lafiya da Doka

Tururin fentin mai yana sa ciwon kai da jiri, don haka a yi aiki inda iska take shiga. Fenti da kananzir suna kama wuta, a nisanta su da murhu da taba. Kada a wanke hannu ko buroshi da fetur. Wasu fentoci suna ɗauke da dalma, wadda guba ce mai lahani ga ƙwaƙwalwar yara. Saboda haka kada a gyara bakin buroshi da leɓe, a wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, kada kuma a mai da gwangwanin fenti mazubin ruwa ko abinci. Mai hawa tsani ya sami mai riƙe masa, ya kuma lura da wayoyin lantarki. Ba a rubutu a bangon wani sai da yardarsa, kuma kafin a kafa allo a bakin titi a nemi iznin hukumar da ke kula da tallace-tallace a jihar ko ƙaramar hukumar.

Tsarin Koyo na Mako Goma Sha Biyu

Rabin sa'a kullum ya fi yini guda a mako amfani. Mako na 1 zuwa na 3, manyan haruffa da lambobi a littafin gida-gida. Mako na 4 da na 5, kalmomi da tazara. Mako na 6 da na 7, ƙananan haruffa da masu ƙugiya. Mako na 8 da na 9, alƙalamin kara. Mako na 10 da na 11, buroshi a kan jarida. Mako na 12, allo na farko, ƙarami, mai kalma biyu ko uku. A riƙa sa kwanan wata a kowane shafi a adana, domin idan aka jera na makon farko da na makon shida mai koyo zai ga inda ya gyaru da inda ya rage. Wanda ya sami gwani a garinsu ya je ya zauna a ƙarƙashinsa, ko da wankin buroshi zai fara da shi, gama akwai abin da ido yake ɗauka daga hannun gwani wanda takarda ba ta iya bayyanawa.

Kammalawa

Mai sabon koyo yakan ƙosa ya kai ga inuwar haruffa da furanni da launi bakwai irin na jikin manyan motoci. Waɗannan duka za su zo, amma a kan harafi mai kyakkyawan gini suke zama. Sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya riƙe layin jagora, ya auna faɗin harafi, ya daidaita tazara, ya ba kowace ƙugiya haƙƙinta, ya sami sana'ar da jarinta kaɗan ne, kuma ana bukatarta a birni da ƙauye. Ana kuma kira ga shugabannin makarantu da asibitoci da 'yan kasuwa da su duba allunan da ke ƙofofinsu. Wanda ya kwaile a sabunta shi, wanda aka rubuta ba daidai ba a gyara shi, domin yara masu koyon karatu daga waɗannan alluna suke kwaikwayon yadda ake rubuta harshensu.